Cobra 'Yar Haɗin Gida: Yadda Ta Samu Takardu a Kalifoniya

A Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce sayar da mota a wargaje. Ka biya kuɗi, babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanka, a sauke maka shasi da bodi da tulin kwalaye cike da noti da waya da tiyo, kai kuma ka ja su cikin gareji ka yi ta ɗauri har Allah ya sa su zama mota. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan harka akwai Factory Five Racing da ke garin Wareham a jihar Massachusetts, wanda aka kafa a 1995. Abin da ya fi sayarwa shi ne kwaikwayon Cobra, ƙaramar motar nan mai kujera biyu marar rufi da Carroll Shelby ya fitar tsakanin 1962 da 1967, inda ya cusa injin Ford a cikin bodin kamfanin AC na Ingila. Na asalin ba su cika dubu ɗaya ba, kuma yau wadda ta fito gwanjo tana iya haura dala miliyan ɗaya. Mai sha'awar da aljihunsa bai kai nan ba, sai ya haɗa tasa.

Ɗaurin noti aikin hannu ne, mai haƙuri zai ga ƙarshensa. Inda mutane ke cijewa shi ne ranar da aka gama, mota ta tashi, ana son fita da ita titi. Babu kamfanin da ya fitar da ita a matsayin mota. Babu lambar shasi mai gurbi 17 irin wadda motocin kamfani ke zuwa da ita tun 1981. Babu shekarar fita, babu mai ita na farko da zai sa hannu ya miƙa. A wajen hukuma, tarin ƙarfe ne mai taya huɗu. Ga yadda ta kasance da mota ɗaya irin wannan a jihar Kalifoniya, inda dokar hayaƙi ta fi ta ko'ina tsanani a ƙasar.

Mai motar dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin wayarin, mazaunin tsakiyar jihar. Samfurin Mk4 na Factory Five ya yi oda. Aka sauke masa shasi na zagayayyen bututun ƙarfe mai faɗin inci huɗu, da farantan alminiyam waɗanda sai ya huda su da kansa ya kama su da ribit ɗaya bayan ɗaya, da bodin faiba da bai ga fenti ba, da kwalayen da suka cinye rabin garejin. A cikin wani ambulan kuma akwai takarda guda mai kama da satifiket, wadda a cikinta kamfanin ke shaida cewa shi ya yi wannan shasi mai lamba kaza, ya sayar wa wane. Ya yasar da ita a kan teburin aiki kusa da galan ɗin baƙin mai. Matarsa ce ta tsince ta, ta kai ɗaki ta sa a durowa.

Inji ba ya cikin kayan, giyabos ma haka. Ba rowa ba ce. A dokar tarayya, abin da aka sayar ba inji kayan mota ne. Da kamfanin zai ɗora inji ya miƙa makulli, ya zama mai ƙera motoci ke nan, hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, za ta nemi ya cika ƙa'idojin da Ford da Toyota ke cikawa, har da na jure karo, hukumar muhalli ta EPA kuma ta nemi shaidar hayaƙi. Ƙaramin kamfani ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba. Sai nauyin ya koma kan mai saye: shi zai nemo inji, shi kuma doka za ta kira wanda ya yi motar. A 2015 majalisar tarayya ta ɗan buɗe ƙofa, ta yarda ƙananan kamfanoni su sayar da kammalallun motocin kwaikwayo har 325 a shekara, amma sai a 2022 aka fitar da ƙa'idojin aiki da dokar, kuma ba ta shafi wanda ya haɗa tasa a gida ba.

Dattijon ya ga tallar inji a intanet: Ford 302, mai lita biyar, da aka ciro daga Mustang ƙirar 1990, haɗe da giya mai hawa biyar. Ya je bayan gidan wani mutum, suka ɗaga tamfol, ya juya injin da sifana ya ji bai kama ba, suka yi ciniki. Ya ƙirga kuɗi a hannu, suka gaisa, aka ɗora masa a bayan a-kori-kura. Ko ƙyallen takarda ba a rubuta ba. Da ya isa gida ya kwance injin, ya yi masa garambawul, ya cire na'urar fesa mai da kwamfutarta ya ɗora kafireta, saboda haka injin Cobra na da yake. Ya sa murafu masu ƙyalli. Salansa biyu kuwa ya fito da su ta gefe, ƙarƙashin ƙofofi, ba tare da tukunyar tace hayaƙi ba.

Abin da jiha ke son sani

Sashe na 580 na dokar ababen hawa ta Kalifoniya ya ware wa irin wannan mota aji nata: wadda aka ƙera don amfanin kai, ba don sayarwa ba, kuma ba kamfani mai lasisi ya yi ta ba. A takardu ana rubuta ajin da harufan SPCNS. Ofishin rajistar motoci na jihar, DMV, shi ne mafari kuma shi ne maƙura, amma a tsakani sai an bi ta hannun 'yan sandan manyan hanyoyi, CHP, da hukumar kula da gyaran motoci, BAR. Fom-fom ɗin suna da yawa, sai dai in ka tattara su tambaya uku suke yi. Kayan nan na sata ne? Nawa aka kashe, don a san harajin da za a karɓa? Wane irin hayaƙi za ta zuba wa mutane?

Fom na farko, REG 343, neman takardar mallaka ne da rajista, irin wanda ake cikewa ga duk motar da ba ta taɓa shiga kundin jihar ba. Na biyun, REG 5036, shi ne na bayanin yadda aka haɗa motar, kuma a nan dattijon ya tsaya cak da biro a hannu. Fom ɗin yana son a faɗi inda aka samo manyan sassa huɗu, wato shasi da bodi da inji da giya, da kuɗin kowanne, a kuma haɗo rasit ko takardar ciniki. Shasi da bodi ba matsala, takardar durowa ta wadatar, ga kuma rasit ɗin kamfani. Inji da giya fa? Wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ba takardar kwastan ya san wannan yanayi: kaya naka ne, da guminka ka saya, amma ba ka da abin nunawa.

Dokar ba ta rufe ƙofa ga wanda ya rasa shaida ba. In kayan da ba su da takarda sun kai darajar dala 5,000, sai mutum ya sayi takardar lamuni daga kamfanin inshora, wadda za ta tsaya shekara uku, don in wani ya fito ya tabbatar kayansa ne a biya shi. In ba su kai ba, yana iya rubuta bayanin rantsuwa a fom REG 256. Amma wannan duk ba ya hana 'yan sanda duba lambar da ke jikin ƙarfen, kuma in ta fito a jerin kayan sata, rantsuwa ba ta da amfani. Za a riƙe injin, a kuma yi wa mai shi tambayoyin da ba zai ji daɗinsu ba.

Ford kan buga wani ɓangare na lambar motar a bayan injin, a wani ɗan fili kusa da inda giya ke haɗuwa da shi. Lokacin da injin ke ƙasa, da tsumma kawai zai goge ya karanta. Yanzu yana cikin mota, wurin ya matse da bangon da ya raba inji da direba. Sai da ya kwanta a kan bodin da ya sha fenti, bayan ya shimfiɗa bargo, ya zura burushin ƙarfe da yatsu biyu ya kankare tsatsa, ya sa ɗan madubi mai dogon hannu da tocila, yana karanto lambobin a juye matarsa na rubutawa. Daga nan ya tono lambar wayar mai injin a cikin tsofaffin saƙonni.

Mutumin bai so maganar ba da farko. Ciniki ya daɗe da wucewa, ga wani ya dawo yana zancen 'yan sanda da sa hannu. Kowa ma zai ɗan ja baya. Dattijon ya lallaɓa shi, ya nuna masa ba tuhuma ba ce. Aka yi sa'a yana da takardar da ke nuna Mustang ɗin tasa ce kafin a kai ta bola, kuma ƙarshen lambarta ya yi daidai da abin da madubi ya nuna. Ya cike takardar ciniki ya sa hannu. Giyar kuwa ya ce gaskiya ba ta motar ba ce, a kasuwar tsofaffin kaya ya saya, bai san ma wanda ya sayar masa ba. Darajarta ba ta kusa da dala 5,000, don haka dattijon ya rubuta bayanin rantsuwa a kanta, ya faɗi abin da ya sani, bai ƙara ba bai rage ba.

Tambayar kuɗi ta fi sauƙin amsawa, ta fi kuma zafi. Duk kayan da aka saya ba a biya wa Kalifoniya harajin ciniki a kansu ba, a teburin DMV za a biya. Mafi ƙarancin wannan haraji a jihar kashi 7.25 ne cikin ɗari, ƙananan hukumomi kuma suna ɗora nasu. A ce kayan da ba a biya wa haraji ba sun kai dala 30,000: dala 2,175 ke nan aƙalla, a zama ɗaya. Sannan akwai kuɗin lasisi na shekara-shekara, kashi 0.65 cikin ɗari na darajar motar. In an rubuta ta a dala 50,000, shekarar farko 325 ne, ban da sauran kuɗaɗen rajista. Duk wanda ya zauna da kwalin rasit a gabansa zai ji shaiɗan na raɗa masa ya rage wasu. Dattijon ya jera nasa duka a fayil, ya haɗa jimla da kalkuleta.

Gajeriyar hanya

Tun yana fama da maganar inji wani abokinsa a ƙungiyar masu irin waɗannan motoci ya kawo masa shawara. Me zai sa ya wahalar da kansa? A samo takarda daga wata jiha da ke cewa motar Ford ce ƙirar 1965, a kawo Kalifoniya a sauya, shi ke nan. Ba gwajin hayaƙi, ba tambayar rasit, darajar da za a rubuta kuma 'yar kaɗan.

Wannan hanya tsohuwa ce, kuma ta taɓa yin aiki. A wancan lokacin jihar Alabama ba ta bayar da takardar mallaka ga motocin da suka girmi ƙirar 1975, takardar ciniki kawai ake yi musu rajista da ita. Wasu suka mayar da wannan gurbi sana'a. Ka “sayar” musu da motarka a takarda, su yi mata rajista a can a matsayin tsohuwar mota, su “sayar” maka da ita, alhali ko taya ɗaya ba ta motsa daga garejinka ba. Ka ɗauki takardun ka kai DMV, a ba ka na Kalifoniya. Mutane da yawa sun bi ta nan, har ofishin babban lauyan jihar ya farga a farkon shekarun 2000 ya shiga bin sawu. Ba ƙananan mutane kaɗai abin ya rutsa da su ba. A 2005 Boyd Coddington, shahararren mai ƙera motocin ƙawa wanda har shirin talabijin yake da shi, ya amsa laifi a kotu kan yi wa sababbin motoci rajista da sunan tsofaffi. Daga baya jihar ta buɗe ƙofar afuwa na ɗan lokaci, ga wanda zai zo da kansa ya gyara takardunsa ya biya abin da ya kauce wa. Jihar Vermont ma, wadda ta daɗe tana yi wa motocin da suka haura shekara 15 rajista ko da mai su ba mazauninta ba ne, ta toshe wannan kafa a 2023.

Ban da tsoron kotu, akwai lissafin da abokin bai yi ba. Motar da aka rubuta a dala 3,000 don gudun haraji, ranar da ta ƙone ko aka sace ta, da wane baki za a je wa kamfanin inshora a ce ta dala 50,000 ce? Kuma ranar sayarwa, ƙaryar ba ta tsaya a kan mai ita ba, ta bi mai saye. Dattijon ya ce a bar shi da doguwar hanya.

Lamba ɗaya cikin 500

Sauran tambaya ta uku, wadda ta fi sauran nauyi a wannan jiha. Birnin Los Angeles yana zaune ne a kwari, duwatsu sun tare masa iska, tun shekarun 1940 hazo mai yaji ke sa mutanensa hawaye. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai na jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin mota ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da hazon. Daga nan Kalifoniya ta riga kowa: ƙa'idar hayaƙin salansa daga ƙirar 1966, hukumar kula da iska a 1967, gwajin hayaƙi na dole duk shekara biyu daga 1984. A yau motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba ta zuwa wannan gwaji. Daga 1976 zuwa sama, galibi tana zuwa.

To motar da aka gama haɗawa bana, wace shekara ce tata? In an bar ta a kan dokar gama-gari, shekarar da aka kai takardunta ita ce shekararta, kuma da ma'aunin sabuwar mota za a auna ta. Injin 1990 mai kafireta da buɗaɗɗiyar salansa ba zai ko kusanci wannan ma'auni ba.

Mafita ita ce dokar da masu harkar ke kira SB 100, wadda Sanata Maurice Johannessen na majalisar jihar ya gabatar a 2001, ta fara aiki a Janairun 2002. Ta ce motoci 500 na farko a kowace shekara za a ba su lambar jeri ta musamman. Mai wannan lamba yana da zaɓi: a auna motarsa da shekarar injinta, ko da shekarar motar da bodinta ya fi kama da ita. In bodin bai yi kama da wata sananniyar mota ba, sai a ba ta 1960. Motar da aka ba 1965 ko 1960 kuwa ta faɗa cikin waɗanda ba sa zuwa gwajin shekara biyu, kuma wannan sassauci yana bin motar ko ta sauya hannu.

A tsakiyar shekarun 2000 lambobin kan ƙare a ranar aiki ta farko ta Janairu, cikin 'yan sa'o'i. Mutane kan yi sammako su kafa layi a ƙofar ofis cikin sanyi, domin ba a teburin ake da lambar ba: sai ma'aikacin ya kira hedikwata a Sacramento, kuma duk ofisoshin jihar a lokaci guda suke kira. Wanda ya rasa, motarsa ta ƙara shekara a gareji. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 rububin ya lafa. Dattijon namu bai kwana a layi ba. Ya kai fayil ɗinsa, ya biya kuɗi, ya ambaci SB 100 da bakinsa, aka buga waya, aka rubuta masa lamba a jikin takardarsa. Satifiket ɗin ya biyo baya ta gidan waya. Aka kuma ba shi izinin wucin gadi na liƙawa a gilashi, don ya iya kai motar wuraren bincike.

Zaɓin bodi ko inji bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Da ya zaɓi inji, sai ya mayar da duk abin da Mustang ta 1990 ta fito da shi: na'urar fesa mai, kwamfuta, tukwanen tace hayaƙi, famfon iska, sannan ya riƙa kai ta gwaji duk shekara biyu. Ya zaɓi bodi.

Daga 'yan sanda zuwa rafali

A ofishin CHP akwai jami'in da aikinsa ke nan, kuma sai da alƙawari ake ganinsa. Bai damu da kyan fenti ba. Ya nemi takardar kamfani ya gwada lambarta da wadda ke jikin shasi. Ya leƙa bayan inji da nasa madubin, ya kwanta ya duba giya, ya shiga ciki ya bincika lambobin a kwamfuta. Giyar da ba ta da asali ba ta fito a jerin sata ba. Ya fito da ɗan farantin lamba ya kama shi da ribit a jikin shasi, ya cike fom REG 124. Daga wannan rana motar ta samu lambar da za a san ta da ita har ta mutu, kuma da ita aka gyara takardar inshora, wadda da farko lambar kamfani aka rubuta a ciki.

Binciken birki da fitilu a wani gareji mai lasisi aka yi shi: saitin manyan fitilu, sigina, fitilar birki, birkin hannu. Tsohon mai wayarin ba ya faɗuwa a nan. Tun 2024 jihar ta maye gurbin wannan bincike da wani mai faɗi wanda ke duba sauran kayan kariya.

Sai rafali. Haka ake kiran jami'in BAR da ke yanke hukunci kan motocin da ba su shiga sahun gama-gari ba, kuma galibin wuraren aikinsu a harabar kwalejojin al'umma suke. Ya karɓi satifiket ɗin lambar jeri, ya zagaya motar. Ba a yi gardama kan kamanni ba, ko yaro ya ga wannan hanci da kumburarrun cinyoyin baya ya san Cobra ake kwaikwayo. Aka tsayar da 1965. Da aka buɗe bonet ne aka samu cikas. Ko motar 1965 akwai abu ɗaya da Kalifoniya ta wajabta mata, domin tun ƙirar 1961 jihar ta fara neman sa: ɗan bawul da ake kira PCV. Duk inji yana tara tururin mai da ɗanyen hayaƙi a cikinsa, waɗanda ke sulalewa ta gefen fistin. A da ta wani bututu ake sakin su a iska. Wannan bawul kuwa, da tiyonsa, yana mayar da su cikin inji a sake ƙona su. Murafun dattijon masu ƙyalli kowanne da 'yar hular shan iska a kansa, buɗe, tururi na fita kai tsaye. Rafali ya nuna masa da yatsa, ya ce a gyara a dawo.

Bawul ɗin da tiyonsa ba su kai kuɗin cika tanki ba, aikin kuma na yamma ɗaya ne. Ya cire hula ɗaya ya dasa bawul a gurbinta, ya ja tiyo zuwa gindin kafireta, ɗaya gefen kuma ya haɗa shi da gidan matatar iska. Da ya koma, rafali ya duba, ya liƙa wa motar tambarin BAR mai ɗauke da lambarta da shekarar da aka ba ta. Dattijon ya tattara takardun CHP da na birki da na rafali ya mayar DMV, aka miƙo masa lambar mota.

Abin da takardar ta ce

Takardar mallakar da ta iso ba ta ce Ford ba, ba ta ce Shelby ba, ba ta kuma ce 1965 ba. A gurbin sunan kamfani an rubuta SPCNS, a gurbin shekarar fita kuma sifili. 1965 ɗin yana can a kundin hayaƙi kawai. Saboda haka ba zai iya ɗora mata tsohuwar lambar 1965 ta gaske ba, irin alfarmar da ake yi wa motocin tarihi. Ya dai sayi baƙar lamba mai rawayan rubutu, salon shekarun 1960, wadda jihar ta dawo da ita a 2015 ga duk mai so.

Abin lura a nan, shekarar da aka gurfanar da mutane a kotu saboda sun rubuta, ita ce jihar ta ba dattijon da hannunta. Bambancin yana ga inda aka rubuta ta. Masu bi ta Alabama sun yi ƙarya a duk tambayoyin uku: sun ɓoye asalin kaya, sun karya daraja, sun kauce wa hayaƙi. SB 100 ba ta sassauta ko kaɗan a kan sata da haraji ba. A kan hayaƙi kaɗai ta kau da kai, shi ma ta ƙayyade adadi. A ganina wannan ciniki ne mai ma'ana daga ɓangaren jiha. Mota marar rufi, marar na'urar sanyi, mai salansar da ke ƙona ƙwaurin wanda ya fita ba a hankali ba, ba wadda ake zuwa aiki da ita kullum ba ce. Ɗari biyar irinta a shekara, a jihar da ke da motoci sama da miliyan 30, ba su ne za su dawo da hazon Los Angeles ba. Gara a san da su, a karɓi harajinsu, da a tura masu su sayen takardun bogi.

Amma ba zan ce adalci ne tsantsa ba. A unguwa ɗaya da dattijon ana iya samun mai tsohuwar a-kori-kura ƙirar 1976 da yake neman abinci da ita. Shi duk shekara biyu sai ya kai ta gwaji, in wani bawul na shekara hamsin ya lalace sai ya bi kasuwannin tsofaffin kaya yana nema, in ba haka ba babu sabunta rajista. A da, duk motar da ta cika shekara 30 tana fita daga gwajin, amma aka daskarar da iyakar a kan 1975 tun 2005. Maƙwabcinsa kuwa, mai halin kashe dubban daloli a kan abin wasa, ya haɗa sabuwar mota ba matatar hayaƙi, an sallame shi har abada. Masu motocin ƙawa suna da ƙungiyoyi da masu kai musu kuka majalisa, shi ya sa tasu ƙofar ta buɗe.

Akwai kuma iyakar da takardun ba su tsallakewa. A Amurka kowace jiha da tsarinta na takardar mallaka. Wasu jihohin sun yarda a rubuta wa motar kwaikwayo shekarar wadda take kwaikwayo a jikin takardar kanta, bisa doka, ba ta bayan gida ba. In dattijon ya sayar wa mutumin irin wannan jiha, can za su sake auna ta da nasu ma'aunin, tambarin BAR bai ɗaure su ba. In kuma ɗan Kalifoniya ne ya je can ya sayo Cobra 'yar haɗin gida mai halastacciyar takardar 1965, da ya shigo da ita gida SPCNS ce. Sai ya bi ta CHP, ya tsaya gaban rafali, ya kuma nemi tasa lambar cikin 500 na wannan shekarar.